Babbar Rigar Baba a Cikin Leda

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanwata ba, ko da kuwa na so in manta.

Da Allah ya yi wa Baba rasuwa, ni aka ba babbar rigarsa, farar shadda mai aikin hannu, wadda yake fita sallar idi da ita. Na kai ta aka wanke, aka sa sitaci, aka buga. A tsakiyar damina na karɓo ta, da ɗan sanyi-sanyi a jikinta (na ɗauka sanyin shadda ne). Don tsabar so na zura ta a leda, na ƙulle baki tam, na sa a akwatin ƙarfe, na tura ƙuryar sito a gidana na Arkilla. Shekara huɗu ban buɗe ba. Ina tsoron in gan ta in tuna shi.

Ranar auren ni ne waliyyi, sai na ce bari Baba ya halarta ko ta rigarsa. Ina kwance ledar wani wari ya buge ni, ga ɗigo-ɗigon baƙi a bayan wuya. Mai hankali da ya sake kaya. Ni kuwa na juye mata rabin kwalbar turare, na saka ta, na kama hanyar Ƙofar Kware, inda za a ɗaura auren.

An taru a ƙofar masallaci, liman ya ce waliyyi ya matso. Na miƙe da isa irin ta manya, na ɗaga hannu zan aza rigar a kafaɗa yadda Baba ke yi. Sai ji na yi ɓaraaa! Ta tsage daga wuya har ƙugu, daidai layin ninki. Wuri ya yi tsit. Da ma dariya aka yi, da ya fi mini sauƙi.

Baffa Sani, ƙanen Baba, ya taso ya yafa mini mayafinsa, ya raɗa mini, "Zamna, ɗana. Ba da auren tukuna." Haka na ba da auren ƙanwata ina warin funfuna da turare.

Da yamma Goggo, 'yar'uwar Baba, ta karɓi rigar, ta daɗe tana shafa aikin wuyan.

"Mi kai ka ɗaure ta cikin leda? Ubanka shekara talatin shina sa ta. Ba a aje ta sai ta bushe ƙarau. Cikin farin ƙyalle aka naɗe ta, a sa kafur gefe, a aza bisa, ba ƙasa ba. In ruwa ya ɗauke a hiddo ta ta sha iska cikin inuwa, a sake ninki."

Aikin wuyan kaɗai tela ya iya cetowa.

Yanzu duk ƙarshen damina za ka same ni a tsakar gida ina shanya kaya, har da waɗanda ba su kai a adana ba. Na gane cewa abin da kake so, leƙa shi ake yi a kai a kai. Ni dai ƙaunata ce ta ruɓar da rigar Baba, ko gara ba ta samu shiga ba.