Rasuwar Rigar Sikawut ta Malam Mordecai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Mordecai Shekari, akawu mai ritaya, mazaunin Samaru, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar rigarsa ta sikawut, wadda ta cika a shagon wani tela a kasuwar Sabon Gari, cikin watan Mayun bana, 2006.

An ɗinka marigayiyar tun Malam yana saurayi, da kaki mai kauri irin wanda ba a samu yanzu. Ta yi fareti, ta kwana a daji, ta tsallakar da 'yan firamare titi lokacin da masu mota suke jin kunyar yunifom. Ba ta taɓa zubar da maɓalli a gaban jama'a ba. Idan ta sha sitaci, ƙaras-ƙaras ɗinta yakan riga Malam shiga coci. Lambobinta kuwa, ta ɗaurin igiya da ta agajin gaggawa da ta hura wuta cikin ruwan sama, shi ya ɗinka kowacce da hannunsa, shi ya sa duk suka karkace.

Iyali sun sani, fasto ma ya sani, cewa a cikin wannan riga Malam ya bar wasiyyar a binne shi.

Rashin lafiyar ba daga rigar ta fara ba. Tun bara Malam yake ramewa, da wani ciwo da likita ya fi son tattauna shi da matarsa, Martina, a bakin ƙofa. Da ya gwada rigar kwanan baya, sai ta tsaya masa kamar an rataye ta a ƙusa. Ba ya so masu zuwa ganin gawa su ce aro ya yi, saboda haka aka ba ɗan acaɓa ita ya kai wa tela Ejiofor, da saƙon a rage ta.

A makon ne iyaye suke kai yunifom ɗin manyan yara a yanke wa ƙanana, saboda faretin Ranar Yara. Marigayiyar ta shiga cikin tulin. Ejiofor mutum ne mai aiki da gaskiya. Ya yanke ta daidai jikin ɗan aji huɗu, ya kuma miƙe lambobin nan kyauta. Da ya dawo da ita da kansa ya ga mai ita, sai ya cire hula ya ce, "Baba, wallahi ban taɓa zaton babban mutum ne zai sa ba." Iyali ba su riƙe shi a zuciya ba. Malam yana ƙoƙari.

Marigayiyar ta bar ƙyallen wuya, da usur wanda bai ce uffan ba tun da abin ya faru, da bel, da gajeren wando wanda Martina ta hana shi fita tun zamanin soja. Ta kuma bar leda ɗaya ta guntayen kaki.

Martina ta fito da baƙin kwat ɗin da ya yi shekarun ofis a ciki. Ta ce, "Baban Henry, ai wannan ya fi mutunci." Malam ya amsa cewa ya gama yi wa gwamnati aiki, ba zai koma mata a kwance ba.

Za a karɓi gaisuwa a gida ranar Lahadi bayan sujada. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo sabuwar riga. Za a binne guntayen a gindin gwandar bayan gida da yamma, a busa usur sau ɗaya. Ita kanta marigayiyar an naɗe ta da kafur an sa a akwati, an ɗage jana'izarta zuwa wani lokaci. Malam ya sake gwada ta jiya, hannu ɗaya ya shiga. Ya roƙi Martina kada ta ba kowa ita tukuna.