Nomau Ya Gaida Raƙumin Dawa

A Tungar Maje, kusa da Kamba, akwai wani mutum mai suna Nomau. Gidansa ba shi da jama'a: shi ne, da matarsa Tumba, da wani jaki mai taurin kai. Mutanen gari suna ce masa wawa, kuma wannan kuskure ne da ya kamata a gyara. Wawa shi ne wanda za a sa aiki ya kasa. Nomau kuwa yi yake yi, har ya zarce inda mai maganar ya nufa. Wata rana Tumba ta ce ya ɗebo ruwa, ta tafi barka ba ta ce masa ga iyaka ba. Ta dawo ta tarar randa cike, tukwane cike, turmi cike, yana riƙe da guga yana duban takalmanta. Tun daga ranar, in ta sa shi abu sai ta haɗa masa da inda zai tsaya.

Nomau yana da taubashi, Malam Labbo, hedimasta mai ritaya, mutumin da ko a wurin ɗaurin aure aka yi kuskure sai ya tsaya an gyara. Rayuwarsa duka yana zana wa yara raƙumin dawa a allo, amma bai taɓa ganinsa da idonsa ba. Ga shi yanzu yanar ido ta soma rufe masa idanu, abin da ya ɗan yi nisa sai ya gan shi dishi-dishi. Likita ya ce za a yi aiki, amma bai yi alkawarin komai ba.

Wata rana Malam ya yi sallama gidan Nomau. "Kai bawana, shirya. Za ka raka ni Nijar, wajen Kure, in ga dabbar nan tun ina iya gani."

"To, ubangidan da ba ya gani sai da bawansa," in ji Nomau, ya tafi neman hularsa.

Tumba ta leƙo daga madafa. "Malam, don Allah in ka ce ya yi abu, ka faɗa masa ƙarshensa."

"Tumba, ni za a koya wa ba da umarni?"

Wata rana, wato ranar tafiyar, suka iso kan iyaka. Malam ya ja Nomau gefe ya ce, "Duk abin da aka tambaye ka, ka faɗi gaskiya dukanta, kada ka rage komai." Jami'i ya dubi Nomau ya ce, "Baba, daga ina?" Nomau ya gyara tsayuwa. Ya ce daga ɗaki ya fito, ya zaga baya, ya yi alwala, ya sha kunu amma tsamiyar ta yi yawa. Ya ce sun biya gidan Malam, inda Malam ya yi faɗa da matarsa a kan wandon da ta yi wa faci da baƙin zare. "Ga shi ma a jikinsa, ranka ya daɗe. Malam, juya su gani." Jami'in ya kira abokan aikinsa, har da mai kawo benci. Kafin labari ya iso tashar Kamba, motarsu ta gaji da jira ta wuce. Malam ya tsare kamasho yana cewa sai an nuna masa dokar da ta ce a bar fasinja a kan gaskiyarsa. Ba a nuna masa ba, aka dai sa su a wata motar.

Wata rana kuma, a Doso inda suka kwana, Malam ya ce, "Mu baƙi ne a ƙasar mutane. Duk wanda ka gani ka gaishe shi irin gaisuwar gida, kada ka tsallake kowa." Aka yi rashin sa'a hanyar tasha ta cikin kasuwa ta bi. Nomau ya soma da mai albasa: ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya yara, ya mai jiki in akwai. Ya koma kan mai tabarmi. Wanda ba ya jin Hausa sai ya maimaita masa a hankali, har mutumin ya gyaɗa kai. Sun shiga da hantsi, ba su fita ba sai da aka kira azahar, aljihun Nomau cike da goro da dabino na waɗanda suka ji daɗi.

"Ka kashe mini yini!" in ji Malam.

"Saura layin mahauta, Malam. Sun gan ni, za su ce raini ne."

A tasha Malam ya sayi burodin nan nasu dogo kamar sanda, ya miƙa masa ya ce kada ya karya sai sun isa. Mota ta cika, burodi ya ƙi zama, sai Nomau ya zura rabinsa ta taga. A wani ƙauye da aka tsaya, akuya ta ɗaga ƙafa ta yi aikinta. "Ban karya ba," in ji shi, yana nuna guntun. "Ita kuwa ba ka ce mata komai ba."

Wata rana, wadda ita ce ta ƙarshe, suka shiga dajin Kure tare da ɗan jagora, wani mai haƙuri ana ce masa Hamani. Suka yi ta yawo. Hamani ya nuna sawu, ya nuna kashi, ya nuna reshen da aka tsiga. Malam kuwa bakinsa bai huta ba.

"Sawu na zo gani? Kashi na baro ƙasata in duba?"

"Baba, a ɗan rage murya."

"Muryar nan da ita na yi wa gari guda tarbiyya!"

Da rana ta karkata, haƙurinsa ya ƙare. Ya ce sai an kai shi gaban shugaban 'yan jagora ya ji dalilin wannan cin fuska. Ya zaunar da Nomau gindin wani gawo. Wannan karon ya tuna da Tumba. "Zauna nan. Kada ka motsa, kada ka yi magana, har in dawo."

Bai sami shugaban ba, ya dai zazzage wa rumfar 'yan jagoran da ba kowa abin da ke cikinsa. A hanyar dawowa shi da Hamani, abu ɗaya ne a ransa. Gobe sai gida, jibi sai asibiti. Da suka doso gawon, Malam ya ga kamar itacen ya ƙara kututture, kuma kututturan suna tafiya. Hamani ya damƙe hannunsa, suka lallaɓa har inda Nomau yake zaune kamar an dasa shi, ƙuda na yawo a hancinsa, ganye na zubo masa a hula.

"Su ne?" in ji Malam cikin raɗa. Ya ɗaga kai, bai ga komai ba sai inuwa mai tsawo. "Tun yaushe? Me ya hana ka kira ni?"

"Ka ce kada in yi magana. Ka dawo ke nan?"

"Na dawo mana!"

"To akwai waɗanda ban gaisar ba."

Kafin a tare shi, Nomau ya cire takalmi ya durƙusa gaban babbar cikin raƙuman dawan, don bai taɓa ganin wanda ya kai ta girma ba. Ya sassauta murya yadda ake yi wa manya. "Barka da yamma, Inna. Ina gajiya? Ya iyali? Ya kiwo?"

Hamani ya dafe kai, ya san yanzu za su watse. Amma dabbar ta daina tauna. Ta juya kunne. Sannan wuyan nan ya soma saukowa a hankali, yana saukowa, har kanta ya iso daidai inda idon Malam yake iya aiki. Ya ga gashin idonta zara-zara. Ya ga ƙahoninta gajeru masu tuntu a sama, ba masu tsini irin na allo ba. Ya ji ɗumin numfashinta a fuskarsa. Mutumin da bai taɓa rasa abin gyarawa ba ya tsaya baki buɗe, hawaye na bin gefen tabarau.

Nomau ya kai ƙarshen gaisuwa, ya waiwayo. "Malam, ba ta amsa ba."

"Ci gaba da gaishe ta," in ji Malam a hankali.

"Har yaushe?"

Malam Labbo ya ji tambayar sarai. Bai faɗa masa ƙarshenta ba.