Yadda Za Ka Shekara Uku Kana Gyaran Jita Ba a Gane Ba Ka Iya Kaɗawa Ba

Kai da ka taɓa cika wa mace baki cewa ka iya kaɗa jita, alhali ko riƙe ta ba ka iya ba, kwantar da hankalinka, ka zo inda ya dace. Matakan nan bakwai an gwada su, an ga aikinsu. Na ba ka tabbacin shekara uku cur cikin mutunci, ba wanda zai ji sautin yatsanka, har ma a riƙa gaishe ka da Injiniya a layinku. Ba a littafi na karanta su ba. A wurin maƙwabcina na gani, kuma da izininsa nake ba da labarin, ko da yake bai san duka zan faɗa ba.

Mutumin nan shekara ashirin da takwas ya yi yana kula da sito a wani kamfanin siminti. Lokacin da yake neman matarsa, tana ɗalibar aikin jinya, wata rana ta ce tana son sautin jita in an sa a rediyo. Shi kuma ya yi suɓutar baki ya ce, "Ai ni nake kaɗa wa ƙungiyarmu a makaranta." Aka yi aure, aka haifi yara huɗu, magana ta kwanta. Sati uku da yin ritayarsa, sai ga ta ta dawo daga asibiti da wata doguwar baƙar jaka, ta ajiye masa a kan cinya.

"Baban yara, ga ta nan. Yanzu ba ka da uzurin aiki. Ina so in ji abin da aka yi min alkawari."

Mataki na ɗaya: Yi murna, sannan ka nemo aibu

Kada ka firgita a fili. Buɗe jakar a hankali, ka yi godiya har sai an ce ya isa. Daga nan ka ɗaga jitar saitin idonka, ka rufe ido ɗaya, ka leƙa tsawon wuyanta kamar mai duba ko katako ya miƙe. Ka ja numfashi. Ka girgiza kai.

Maƙwabcina ya yi sa'a. Jitar lantarki ce tsohuwa daga shagon mai gwanjo, fentinta ya ɓaɓɓare, tsirkiya biyu kaɗai suka rage cikin shida, wuyanta kuwa ya lanƙwashe da gaske. Ya dubi matarsa.

"Maman yara, wannan jitar kirki ce. Amma in na kaɗa ta a haka, na ci mutuncinta. Sai an gyara."

"Kwana nawa gyaran?"

"Ba a yi wa irin wannan aikin gaggawa."

Haddace wannan amsar. Za ka buƙace ta kamar sau ɗari biyu.

Mataki na biyu: Wargaza ta

Jitar da ke haɗe tana jawo tambaya. Wadda ke warwatse a kan tebur kuwa girmamawa take jawowa. Saboda haka ka nemi ɗaki. Shi ɗakin babban ɗansa ya kama, wanda ya tafi jami'a. Ya kwance wuyan daga gangar jikin, ya zare wayoyi, ya ciro maganaɗisun nan uku da ke ƙarƙashin tsirkiya suna ɗaukar sauti. Kowane ƙaramin noti da kusa ya samu gwangwanin madararsa, kowane gwangwani da lambarsa, domin mai sito ko ya bar sito, sito ba ya barinsa.

A nan ne ya gano bai san yadda zai mayar da su ba. Kada wannan ya dame ka. Masana sun tabbatar cewa jahilci na gaskiya ya fi na ƙarya daɗewa. Ya shiga kallon bidiyon masu gyara a wayarsa, tabarau a kan hanci, yana tsayarwa yana rubutawa. A can ya ji cewa akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan jita, wadda ake murɗawa kaɗan kaɗan har wuyan ya miƙe. Masu bidiyon sun ce a murɗa kwata ɗaya na zagaye a rana. Shi ya mayar da ita kwata ɗaya a sati, don tsaro.

Mataki na uku: Fenti

Babu abokin mai jan lokaci irin fenti. Ka goge tsohon da sanfefa mai kaushi, ka bi da mai laushi, ka bi da wadda ta fi ta laushi. Ka fesa shafi na farko, ka rataye jitar da waya a jikin ƙusa, ka rufe ƙofa, ka hana kowa shiga saboda ƙura. Sati biyu kenan ka samu kyauta. Shafi goma sha biyu ake yi, kuma tsakanin kowane biyu sai an sake gogewa.

Ya fesa ja. Da ya bushe sai ya kira matarsa.

"Ya kika gani?"

"Ya yi kyau. Sai a haɗa ko?"

"Ba ki ga ya yi kama da motar kashe gobara ba?"

Ta duba, ta ce ita ba ta gani ba. Ya ce shi ya gani, kuma makaɗi ba ya kaɗa abin da idonsa bai kwanta da shi ba. Ya goge, ya koma shuɗi. Wata bakwai suka tafi a haka. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, a shafi na tara na shuɗin ya daɗe tsaye yana kallon fuskarsa a jikin katakon, yana jin wani daɗin da rabonsa da shi tun ranar da aka ba shi makullin sito.

Mataki na huɗu: In jita ta kusa ƙarewa, koma kan feda

Duk iya jan ƙafarka, wata rana fenti zai bushe. Kafin ranar ta zo, ka sanar da iyali cewa jitar lantarki ba ta magana ita kaɗai. Tana buƙatar feda, wato ɗan akwatin da makaɗi ke takawa da ƙafa don sauti ya yi kauri, ko ya yi gurnani, ko ya riƙa amsa kuwwa. Kada ka saya. Ka ce na kanti ba su da rai.

Ya sayi ƙarfen narka dalma, ya farke tsohuwar rediyon gidan ya ciro 'yan ƙananan kayan cikinta, ya huda gwangwanin alewa ya zuba su ciki. Feda ta farko ba ta ce uffan ba. Ta biyu ta yi hayaƙi, ta bar masa tabo a babban yatsa, matarsa ta wanke ta ɗaure. Ta uku da ya jona ta da amfilifaya, wato akwatin ƙara sauti, sai ta kamo tashar rediyo, aka ji mai labarai yana karanta farashin taki. Ta huɗu ta yi aiki. Ya gwada ta da tsirkiya ɗaya, ƙofa a kulle, sauti can ƙasa, da farce ɗaya. Wannan bai saɓa doka ba. Taɓa tsirkiya ɗaya gwaji ne, daga biyu ne ake kiransa kiɗa.

Mataki na biyar: Yi suna

Shiga zauren masu gyaran jita a waya. Sa hotuna. In an yi gardama kan wane katako ya fi sauti, ka goyi bayan wanda ya fi tsufa. In an ce ka turo sautin jitarka a ji, ka ce akwai ɗan ƙugi da kake bin sawunsa.

Illar wannan mataki ɗaya ce, kuma ita ta sami maƙwabcina: ya iya aikin. Wani ya kawo feda mai shiru, ya gano wayar da ta tsinke. Wani ya kawo jita mai ƙugi kamar injin niƙa, ya ɗaure mata wayar ƙasa ta yi tsit. Kafin shekara ta uku ta raba, mutane masu dogayen jakunkuna sun san ƙofarsa, mai kantin bakin layi ma ya koma ce masa Injiniya. Jitarsa kuwa ta haɗu tun wata takwas da suka wuce, tana rataye a bango tana sheƙi, da tsirkiya shida sababbi. Waya ɗaya tak ya bari bai liƙa ba a cikinta. Duk wanda ya tambaya, sai ya ce da sauran aiki.

Mataki na shida: Kada makaɗi na gaske ya wuce bakin ƙofa

Karɓi kayansa a waje, ka miƙa masa a waje. Wannan ne mataki mafi muhimmanci, kuma shi maƙwabcina ya karya.

Wata Asabar da la'asar wani makaɗi da ake kira Dogo, mai kaɗa wa wani otal jita, ya zo karɓar fedarsa. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba yadda za a bar mutum a waje. Yana shiga ɗakin idonsa ya faɗa kan bango.

"Baba, wannan fa?"

"Da sauran aiki."

Dogo ya sauke ta, ya juya ta, ya shafa wuyan, ya jona ta da amfilifaya. Shiru. Ya yi ɗan murmushin tausayi.

"Ayya. Kada ka damu, Baba. Irin waɗannan tsofaffin, in sun mutu sun mutu. Ko manyan masu gyara suna gagararsu. Ka bar ta a bango, ado ce."

Maƙwabcina ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Shekara uku na sanfefa da ƙunar dalma, a ce ado. Ya san abin da zai biyo baya, ya kuma san matarsa na gida. Duk da haka ya miƙa hannu.

"Kawo ta nan."

Ya kwance murfin baya, ya ɗora ƙarfen dalma, minti biyu bai cika ba ya mayar. Dogo ya taka fedar gwangwanin alewa, ya zuba yatsu. Sautin da ya fito mai kauri ne, mai zaƙi, ya cika ɗakin ya fita tsakar gida ya danne ƙarar ruwan sama. Dogo ya tsaya ya dubi jitar, ya dubi mai gyaran, ya ci gaba da kaɗawa. Maƙwabcina na tsaye, ƙarfen dalma a hannu, idonsa ya ciko. Da ya waiwaya, matarsa ce a bakin ƙofa da tiren shayi.

"Ashe ta gyaru," ta ce. "To, bawan Allah, miƙa wa mai ita. Yau shekara talatin da ɗaya ina jira."

Mataki na bakwai: In an kama ka, zauna

Kada ka ce yatsanka na ciwo, musamman in matarka ma'aikaciyar jinya ce. Ya karɓi jitar, ya zauna a bakin gado, ya ɗora ta a cinya. Dogo ya ga yadda ya riƙe ta, sai ya shiga duban silin da natsuwa.

"Maman yara, ban iya ba," ya ce. "Ban taɓa iyawa ba. Ko ƙungiyar ma babu ita."

Ta ajiye tiren a kan tebur, ta matsar da gwangwani mai lamba goma sha huɗu.

"Na sani. Tun kafin aurenmu yayarka ta faɗa min. Ta ce ko tafi ba ka iya yi daidai da waƙa."

"To me ya sa kika sayo?"

"Sati uku da ritayarka ka ƙirga min cokula sau biyu, ka liƙa wa tukwanena lamba. Da ka gama sai ka koma falo kana kallon bango daga safe har yamma. Na ga irinku da yawa a asibiti, ba na so in ga nawa. Na je wurin mai gwanjo na ce ya ba ni wadda ta fi kowace lalacewa." Ta zuba shayi ta miƙa wa baƙo. "Na zaci wata shida za ta riƙe ka. Ban san da feda ba."

Ya shafa tabon babban yatsansa. Ita kuwa ta karɓi jitar daga cinyarsa, ta ɗan taɓa tsirkiyar sama, ta saurara har sautin ya mutu.

"Malam Dogo, mace mai shekara hamsin da biyu, wata nawa za ta yi ta koya?"

"Ya danganta da haƙurin mutanen gidan, Mama."

"Suna da shi."

Yanzu kowace Asabar Dogo na zuwa. Ta iya riƙon yatsu iri uku, tana kokawa da na huɗu. Maƙwabcina ya sassauto mata da tsirkiya don kada yatsunta su yi ciwo, ya kuma haɗa mata feda tata ta kanta. Kwanan baya ta ce masa tsirkiya ta uku na ziza, ya ce ba jitar ba ce, yatsanta ne bai danne da kyau ba.

"Kai da ba ka iya ba, a ina ka sani?"

Ya karɓa ya shiga da ita ɗaki. Ta ɗaga murya ta ce gobe take son abarta.

Sanarwa

Mai wannan rubutu bai ɗauki alhakin ƙunar yatsa, warin fenti, mutuwar rediyon gida ko ɗakin da ɗanka zai dawo hutu ya tarar babu wurin kwanciya ba. Tabbacin shekara ukun da aka bayar a sama bai shafi gidan da maigida ke da yaya mace ba. Wanda asirinsa ya tonu kafin lokaci ya tuhumi bakinsa. Wanda kuma ya bi matakan har ƙarshe ya wayi gari matarsa na kaɗa jitar lantarki, ya nemi kujera ya zauna ya saurara, kada ya zo ƙofata.