Makullin da Ya Yini a Aljihun Kaftani

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanena Sani ba, ko da yake, in gaskiya za a bi, ban halarci ɗaurin auren ba. Ni da Baffa muna gidan mai a Makarfi lokacin da aka shafa fatiha a Kudan, kuma sabuwar motata ce ta ajiye mu a can.

Bari in koma baya kaɗan. Bayan shekaru ina hawa babur daga gida zuwa ofis a Ikara, Allah ya hore mini abin sayen mota, kuma na ƙudura cewa sabuwa fil zan saya. A wurin masu sayarwa a Kaduna aka nuna mini mota iri ɗaya amma hawa uku. Inji ɗaya, jiki ɗaya, bambancin kawai kayan da aka ƙara. Ta ƙasa tana da kujerun yadi da makulli irin wanda kowa ya sani, a zura a murɗa. Ta tsakiya ta ƙara da kyamarar baya. Ta sama kuwa kujerun fata, rufi mai buɗewa, lasifika ko'ina, har da abin ɗumama kujera (a Ikara, inda kujera ke ɗumama kanta tun hantsi). Ita ba a zura mata makulli. Yana aljihunka, ka taka birki, ka danna maɓalli, ta tashi.

Matata Hajara ta ce ta tsakiya ta ishe mu. Na yi mata dogon bayani a kan inganci da daraja idan an tashi sayarwa. Duk ƙarya nake yi. Abin da na hango shi ne ranar da zan tayar da mota da yatsa ɗaya a gaban abokan aikina, hannuna ɗaya na riƙe da waya. Na ɗauki ta sama. Mai sayarwar ya miƙo mini littafin bayaninta, na jefa shi a kujerar baya.

Baffa ƙanen mahaifinmu ne. Shi ya riƙi Sani tun yana rarrafe, bayan rasuwar mahaifinmu, ya yi masa makaranta da kuɗin rake da barkono. Shi ne zai karɓa wa Sani aure, kuma tun da aka sa rana ba shi da wata magana sai ita. Ya sa an yi masa sabon ɗinki, ya kwana a Ikara don kada a makara. An riga an shirya zai tafi a bas tare da sauran dattawa. Ni na hana.

"Baffa ba zai shiga bas ba ina da mota," na ce, da ƙarfi, yadda kowa zai ji.

Da safe bas ɗin maza ta tashi. Na fito da kaftani na tayar da mota don ta yi sanyi kafin Baffa ya shiga. Hajara ta leƙo ta ce yayan ango ba zai je da wannan kaftanin ba, in shiga in sa babbar riga. Na shiga na canja, na rataye kaftanin a bayan ƙofa, motar na ta aiki a waje. Hajara ta kulle gida ta bi motar mata. Ni kuma na buɗe wa Baffa ƙofa, ya zauna a gaba, ya shafa fatar kujera ya sa albarka.

Muna fita layi motar ta fara ƙara, ƙit, ƙit, ƙit, wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gabana. Na saci kallon Baffa, na ga bai ɗaura bel ba, na ce shi ke nan, dalilin ke nan. To yanzu ta yaya zan dubi mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba in ce ya ɗaure kansa da igiya a kan sabuwar rigarsa? Ban iya ba. Sai na ƙara muryar rediyo (lasifikan nan da na biya dominsu sun yi aikinsu, ban ƙara jin komai ba). Fitilar kuwa ban sake dubanta ba. Da na duba, da na ga hoton makulli ne.

A Makarfi na shiga gidan mai. Mai ba da mai ya ce in kashe mota, na danna maɓalli da yatsa ɗaya, ina lura da 'yan acaɓar da suka juyo suna kallo. Aka zuba mai. Na taka birki na danna. Shiru. Na sake dannawa. Na laluba aljihun dama, na laluba na hagu, na fita na ɗaga hannuwan babbar riga ina kakkaɓewa kamar mai korar kaji.

"Mai sunan Malam, lafiya?" in ji Baffa (ba ya faɗin sunana, don sunan mahaifinsa ne).

"Lafiya lau, Baffa. Makulli nake nema."

"Ba kai ka ce mini wannan ba ta bukatar makulli ba?"

"Haka ne, Baffa."

"To tashe ta mana."

"Sai da makullin, Baffa."

Ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya mai da kansa gaba.

Makullin yana aljihun kaftani a bayan ƙofa a Ikara. Na biyunsa yana cikin durowa a wannan ɗakin. Makullin gidan yana jakar Hajara, Hajara kuma ta kusa Kudan. Motoci suka yi layi a bayana suna oda. Matasa suka taru za su tura, giya ta ƙi fita daga inda take, sitiyari ya ƙame. Sabuwar mota ta tsaya a bakin famfo, ba gaba ba baya.

"Alhaji, ko ledar kujera ba a gama cirewa ba," wani ɗan acaɓa ya ce. "Ko caji ne ya ƙare mata, a kawo waya?"

Wani ya ce a buɗe rufin ko za ta sha iska. Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Babur bai yiwuwa, gwiwar Baffa ba ta lanƙwasuwa. Motocin haya da suka wuce duk a cike. Ana cikin haka Sani ya kira. Ya ce mutane sun cika ƙofar gida, liman yana da wani ɗaurin auren a gaba, dangin amarya sun yi haƙuri har sun fara duban juna. Na miƙa wa Baffa wayar.

Baffa ya saurara. Ya ce, "Kada a riƙe mutane a rana saboda ni. Ka ce wa Malam Idi ya karɓa. Na wakilta shi."

Malam Idi maƙwabcinmu ne, mutumin kirki, ya bi bas ne kawai don ya taya mu murna. Baffa ya miƙo mini wayar, ya gyara hularsa, ya zauna yana kallon titi. Da ya zage ni da na samu sauƙi.

Daga baya wata a-kori-kura mai ɗauke da rake ta tsaya shan mai a ɗaya famfon. Direban ya ba Baffa gaba, ni na hau baya a kan rake da babbar rigata, bayan na bar wa manajan gidan man lambata da haƙuri mai yawa. Haka muka shiga Kudan, ana naɗe tabarmi, yara na tsintar alewa. Sani ya taho da sauri ya durƙusa gaban Baffa. Baffa ya dafa kansa ya daɗe yana addu'a. Abokan ango suka tambaye ni ina motar da ake ta labari. Na ce tana Makarfi tana hutawa.

Da za a koma, ban ma yi tayi ba. Baffa ya shiga bas, aka matsa masa a gefen taga. Ni sai da yamma, bayan na bi Hajara Ikara ta buɗe gida, na koma Makarfi a bayan ɗan acaɓa, riƙe da makulli a hannu kamar ƙwai.

Motar tana nan, kuma ba ta da laifi. Duk abin da aka ce za ta yi ta yi, har gargaɗi ta yi mini na ƙara rediyo. Amma akwai hoton ɗaurin auren a falon Sani, liman a tsakiya, waliyyin amarya a dama, Malam Idi a hagu yana murmushi. Duk lokacin da na je gidan nakan zaɓi kujerar da ta ba hoton baya.

Abin da na koya bai da yawa. In za ka sayi mota, kada ka tsaya a kan abin da kayan ƙarin za su yi maka ranar da kake cikin hayyacinka. Ka tambayi abin da za su yi maka ranar da kake gaggawa kuma ka canja riga. In kuma dattijo ya riga ya samu wurin zama a bas, ka bar shi ya tafi.