Harsasan da Na Ɗura wa Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na daka wa surukina tsawa a gaban abokansa ba, ni da ko sunansa ban taɓa kamawa ba. Shekara biyu ke nan bayan Babban Yaƙi, ina sabon ango a unguwar Mansur, na iso Makka ta Sudan ba ni da komai sai baki.

Baba Sule, mahaifin matata Hajara, ɗinki yake yi, amma ransa na wajen farautar barewa. Yana da wata bindiga tun ta zamanin Turkawa, yana ji da ita kamar ɗan fari. Harsashinta ya yi wuya a kasuwa, don haka yakan tsince kwanson da ya harba, ya sake zuba albarushi, ya toshe da dalma. Da ɗan mitsitsin sikeli yake awo, ɗaya bayan ɗaya. To ido ya fara ba shi wahala. Ni kuwa kullum ina cika wa Hajara baki cewa gidanmu gidan maharba ne (gaskiya ne, sai dai ni gorar ruwa nake riƙe musu). Magana ta kai kunnen tsoho, ya aiko min da kwanso ashirin, da gwangwanin albarushi, da sikelin, ya ce albarushin kowanne a auna shi daidai da ɗan ƙarfen da ke ciki, kar a ɗara.

Na auna na farko, na leƙa kwanson, na ga abin bai taka kara ya karya ba. Na ce lallai tsufa ya kawo wa Baba rowa. Mu a gida bindigar toka muka sani, da yatsa ake awo, kuma wanda ya fi zubawa shi ne namiji. Ban san wannan albarushin marar hayaƙi ba irin namu ba ne, kaɗan ɗinsa ya fi tulin wancan ƙarfi. Na ture sikeli gefe, na cika kowane kwanso har wuya. Hajara ta tambaye ni ko haka Baba ya ce, na ce ta je ta duba tukunyarta.

Muka fita da safe a kan raƙuma, mu huɗu, tunda ba a taɓa dabbar dawa a cikin Harami, sai an wuce Arfa an miƙa cikin kwari. Akwai abokin Baba mai suna Ammi Salim, wanda idonsa na dama ya mutu, hannunsa kuma yatsu uku ne. Muna wuce Muzdalifa, ɗan karambanin nan nawa ya sa na tambaye shi ko a yaƙi ya samu raunin. Ya yi dariya ya ce wane yaƙi, ai da hannunsa ya ƙara wa harsashi ɗan albarushi don ya yi nisa, bindiga ta fashe masa a fuska. Na ce kamar yaya ya ƙara? Ya nuna min bakin farcensa.

Jama'a, bakin farce kawai! Ni da na ƙara abin da ya fi cokali!

Kuna tsammani na yi magana nan take? Ina! Tafiyar kusan awa uku muka yi ina tauna maganar ina haɗiyewa. Ta yaya zan dubi surukin da ko abinci ba na ci a gabansa in ce masa na yi ƙarya, na kuma raina awonsa? Har addu'a na yi Allah Ya kori duk barewar Hijaz (ku dubi wautar mutum, wai dabbobi ne za su rufa min asiri).

Ba a karɓa ba. Muna sauka sai ga guda biyu a gindin wata bishiyar ƙaya. Baba ya durƙusa, ya zura harsashina, ya kwantar da kuncinsa a jikin bindigar, idonsa mai ɗan sauran gani daidai bakin ƙarfen. Na ga yatsansa ya nufi kunamar bindigar.

"Sule, ajiye ta!"

Haka na faɗa, gatsal, ba Baba ba komai, na kuma fizge bindigar daga hannunsa. Bareyin suka arce. Na tsuguna ina zufa, na zayyane komai, har da gorar ruwan.

Baba ya karɓi abarsa daga hannuna. Ya ɗaure bindigar a jikin ƙayar, ya sa wa kunamar dogon zare, muka laɓe bayan dutse, ya miƙo min bakin zaren. Na ja. Ƙarar da ta tashi sai da raƙuma suka miƙe. Da muka je, wurin da kuncinsa yake ɗazu ya dare gida biyu. Ammi Salim ya shafa mataccen idonsa, ya yi ta salati.

Tsohon ya tattara guntayen a rawaninsa, sannan ya dube ni a karo na farko tun da na auri 'yarsa.

"Ka cece min ido, ka kashe min bindiga," in ji shi. "Ɗayyib, shi ke nan. Mu je gida."

Bai sake tayar da zancen ba har ya rasu. Abin da ya yi kawai, ya rataye fasasshiyar bindigar a bangon shagonsa, daidai saman inda nake durƙusawa in gaishe shi kowace Juma'a. Shekara goma sha ɗaya ina gaisuwa a ƙarƙashinta.

Sikelin yana wurina har yau. Tun daga ranar, in aka ba ni awo ba na ƙara ko ƙwaya, kuma in an zo hirar maharba nakan faɗa da wuri cewa ni mai riƙon gora ne. Hajara kuwa, duk ranar da na sa baki a gishirin miyarta, sai ta tambaye ni a hankali ko haka Baba ya ce.