Keken Yaya Bello

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yaye su Yaya Bello daga cibiyar koyon sana'a a nan Talata Mafara ba. In na tuna sai kunnuwana su ɗau zafi, in yi dariya ni kaɗai, daga nan kuma kewarsa ta kama ni.

Yaya Bello wana ne, ciki ɗaya. Shan inna ya taɓa ƙafafunsa tun ba a haife ni ba, don haka na buɗe ido na gan shi a kan kekensa mai ƙafa uku, wanda ake tuƙawa da hannu. Gidanmu na mahauta ne, amma tsayuwar teburin nama ba ta yiwu gare shi ba. Da aka buɗe shirin koya wa masu buƙata ta musamman sana'a, sai ya shiga ajin gyaran waya. Ranar yayewa wani mai shago daga Gusau zai zo ya zaɓi wanda zai ɗauka aiki. Yaya ya rantse da kansa zai tuƙa kekensa har gaban mutumin. Ba za a ɗauke shi kamar buhun shinkafa ba, ba kuma zai ja jiki a gaban jama'a ba.

Ana gobe taro sarƙar keken ta tsinke, aka kai wa mai gyara a hanyar Bakura. Da safe ya kira ni.

"Auta, tai ka amso keke ka jira ni bakin ƙohwar cibiya. Zan hau kabu-kabu in iske ka. Turawa na ce, ba hawa ba."

Na ce to. Wallahi na tura, amma keken nan in ka tura shi gabas sai ya nufi kwata. Na waiga ba kowa, na ɗare. (Kafin in isa, kafaɗuna sun kusa ɓallewa. Ashe abin da Yaya ke yi kullum yana fito ke nan.)

Ina isa ƙofa wata malama ta tare ni. "Ɗana, ka makara, an hwara!" Ban buɗe baki ba ta kama keken ta baya, ta tura ni har layin gaba, cikin waɗanda za a yaye. Aka miƙo mini lemo mai sanyi da tsire. (Na san ɗan mahauta ne ni, amma naman kyauta ɗanɗanonsa daban.) Na ce a raina, bari in shanye in sulale.

Wata tsohuwa daga Maradun, wadda jikanta ya koyi ɗinki, ta shafa kaina. "Wayyo, yaro ƙarami da wagga jarabawa. Allah shi tashi kahwaɗunka." Na ce amin, har da langaɓe wuya.

Sai lasifika ta saki taken ƙasa.

A makarantarmu malamin ladabtarwa da dorina ya koya mana taken nan. Da an buga, ƙafa ba ta shawara da kai. Zumbur na miƙe, ƙirji waje, kwalba a hannu, tsinken tsire a baki. Duk layin gaba a zaune, ni kaɗai a tsaye kamar turken wuta.

Tsohuwa ta ƙwalla ihu. "Allahu Akbar! Ya tashi! Yanzun nan niy yi mai addu'a!" Mata biyu suka rangaɗa guɗa. Mai hoto ya rugo kamar an ce ana rabon kujerar Makka. Na so in koma in zauna, amma wa zai yarda kuma?

Take ya ƙare. Sai murya daga bakin ƙofa. Yaya ne a bayan babur ɗin kabu-kabu, cikin farar shaddarsa, gumi na zuba. Ashe tun ɗazu yana can cikin rana, ya ƙi sauka.

"Malama, ku yi haƙuri, wanga majinyaci ƙanena ne. Ƙahwahunai lahiya lau, kan ne babu." Ya dube ni. "Auta, yanzu dai turo."

Na tura keken ta tsakiyar taro, yana karkacewa, mutane na riƙe ciki don dariya. Tsohuwa ta bi ni da cewa in mayar mata da addu'arta.

Yaya ya hau, ya gyara hula, ya tuƙa kansa har gaban mai shagon. Mutumin ya gwada shi da wata matacciyar waya, Yaya ya gyara, ta kunnu. Ya ce wanda ya iya haƙuri da ƙane irin wannan, ba mai kawo gyaran da zai gagare shi.

Yanzu Yaya yana Gusau. Hanya ba daɗi, sai da Sallah muke ganinsa. Ɗakinsa ya zama ma'ajiyar fatun Baba, kuma da yamma ba mai ƙwala mini kira daga zaure. Ni da nake ɓuya bayan randa don gudun aikensa, yanzu sai in tsaya a ƙofar ɗakin ina jiran wani ya aike ni. In na kira shi a waya, kafin gaisuwa sai ya ce, "Ya jiki? Ana dai takawa?"

Abin da na koya shi ne, kada ka zauna a mazaunin da ba naka ba. In kuwa tsautsayi ya zaunar da kai, to ka tabbata ba za a buga taken ƙasa ba.