Wanda Ya Aske Gemun Albasa

"Lafiya lau, amarya. Ya gajiyar boko?" in ji Kaka, yana kurɓar shayi, ya ƙi ɗaga ido.

Jikar tasa ta harare shi. Tana tsaye gaban tagar kicin cikin kayan makaranta, ranta a ɓace. Tun makon jiya ta ɗora albasa a bakin kofin gilashi, gindinta na taɓa ruwa, har ta fitar da fararen saiwoyi. Yau ne gwajin kimiyya, kuma malama ta ce duk wanda ya zo ba saiwa, sifili zai ci. Ga albasar nan an aske ta tas. A gidan kuwa mutum ɗaya ne ya tsufa a shagon aski, kuma ritaya ba ta raba shi da almakashi ba.

"Tsoho, wa ya taɓa min albasa?"

"Taɓawa? Gyara na yi mata. Na shigo na ga baiwar Allah da gemu buzu-buzu, ta ba ni tausayi. Ko ladan aski ban karɓa ba."

"Ina abin da ka yanke?"

"Ya bi ruwan wanke-wanke. Kin taɓa ganin mai aski yana adana gashi?"

"Ka kashe ni! A kan saiwar nan ƙwayoyin halitta suke rabewa, ɗaya ta koma biyu. Shi za mu leƙa a madubin kimiyya mai ƙara girman abu."

"Ƙarya kike, mummuna. Na yanka albasa tun ba a haifi ubanki ba, ban taɓa kama ta tana haihuwa ba."

"Da wane idon? Wanda ke neman tabarau alhali yana kan goshinka?"

"To, ta yaya take rabewar? Faɗa min, in ba kurin banza ba."

Ta san jan ta yake, amma ba ta iya barin magana ta faɗi ƙasa, musamman tasa.

"A cikin ƙwayar akwai wasu zaruruwa masu ɗauke da gado. Tun farko kowanne ya kwafi kansa. Sai su dunƙule su yi kauri, har a iya ganin su."

"Kamar kitsonki in ya kwana biyu."

"Sai su jeru a tsakiya."

"Layin aski ke nan. Ci gaba."

"Sai a ja su, rabi ya yi nan, rabi ya yi can. Kowane rabi ya samu ɗakinsa. In ta tsiro ce, sai ta gina bango a tsakani. In ta dabba ce irinka, sai ta matse ƙugu, ta yi ta matsewa har ta tsinke biyu."

"Ni ce dabbar? To, shekara nawa ina ɗaure ɗamara a gidan nan saboda cinki, ban tsinke ba."

"Naka ƙwayoyin ai sun ajiye aiki. Dubi sanƙonka, ƙuda ma zamewa yake."

"Sanƙon nan 'yan mata ke layi a kansa. Na sake ki!"

"Ka sake ni bayan ka biya ni saiwata. Wallahi ba inda za ni. Nan zan zauna, in malama ta tambaya, in ce mijina ne ya aske min jarrabawa."

Ta ja kujera ta zauna da jaka a cinya. Muryarta ta ɗan yi rawa a ƙarshe, ta ji haushin kanta, don ba ta so ya san kuka ya kusa. Ya sani kuwa. Ya ajiye shayin, ya shige ɗakinsa yana gunaguni, ta ji yana ture rediyo. Ya fito riƙe da wani kofi, da albasa a bakinsa, saiwoyinta sun cika ruwan har suna nannaɗewa.

Ta miƙe tsaye. "Wannan fa?"

"Tawa ce. Ranar da kika ɗora taki na ɗora tawa, in nuna miki boko bai fi hannu ba. Jiya na auna, na ga taki tana neman kamo ta."

"Au! Ashe ba tausayi ba ne, baƙin ciki ne! Tsaya, wannan ba kofin haƙoranka na roba ba ne?"

"Shi ne. Tun makon jiya da haƙora a baki nake kwana, duk saboda ke."

Dariya ta ƙwace mata har ta dafa tebur. Ta miƙa hannu biyu, ya riƙe kofin gam.

"Ba kyauta ba ce, aro ne. Kuma ban yarda kin ci ni ba."

"Kan saiwar kawai zan yanka, angona."

Ya saki, yana dariya shi ma. Tana bakin ƙofa ya ɗaga almakashi, ya yi ƙyas-ƙyas da shi.

"Ki dawo min da ita da sauran gemunta. Ita ma tana bukatar gyara."